Mun Biya Kuɗi, Ba Mu Rubuta Takarda Ba

Jawabin kwamitin binciken manhajar ƙungiya, kamar yadda aka karanta shi a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

 

Shugaba, ranka ya daɗe. Iyayen ƙungiya, dattawanmu da suka buɗe wannan hanya tun wasunmu suna yaran mota, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Alhazai da Hajiyoyi da suka taso daga Maraɗi da Ɗan Isa da Damagaram, da waɗanda suka zo daga Jibiya da Katsina da Kano, sannunku da hanya. 

Yau ranar murna ce, kuma mun san abinci yana jira. Amma shugabanni sun umarce mu da mu kawo rahoto a kan maganar da ta fi kowace tayar da ƙura a cikinmu bana, wato maganar manhajar ƙungiya. Akwai waɗanda suka daina gaisawa a kanta. Kafin a tashi za a nemi ra'ayinku a kan matakin da za a ɗauka, saboda haka muna roƙon a ba mu aron kunne.

Ga waɗanda ba su bi maganar tun farko ba, ga yadda ta faro. Shekara biyu da suka wuce littattafan ofis suka yi mana yawa. Kuɗin wata yana littafi guda, lodin motoci yana wani, sunayen direbobi da lambobin motocinsu suna wani dabam, kuma duk ranar da aka zo haɗa lissafin naira da na sefa sai an wuni ana musu. Sai wani yaro, ɗan ɗaya daga cikin mambobinmu, wanda ya karanci kwamfuta, ya ce zai iya rubuta mana manhajar waya da za ta haɗa wannan duka. Sakatare da ma'aji suka zauna da shi suka kwatanta masa yadda muke aiki. Aka yi ciniki, aka sallama, aka ba shi kafin alƙalami, aka shafa fatiha. Ya gama aiki, muka cika masa kuɗinsa, kuma har yau da manhajar muke karɓar kuɗin wata. In ban da rasit ɗin kuɗin, ba a rubuta komai ba.

Bana bayan ƙaramar salla wasu daga cikinmu suka je wata kasuwar kan iyaka, suka tarar da sakataren wata ƙungiya yana aiki da manhaja wadda in ba don suna da launi ba sai su rantse tamu ce. Da aka bi diddigi, yaron nan ne ya sayar musu. Nan kan jama'a ya rabu. Wasu suka ce a kai shi kotu, ya saci dabararmu kuma ya sayar da kayanmu. Wasu suka ce a dakatar da mahaifinsa. Shi kuwa mahaifin ya ce ɗansa guminsa ya sayar, bai taɓa na kowa ba.

Mu a kwamiti mun nemi shawarar lauya a kowane ɓangaren iyaka. Mun sa mutum biyu masu sana'ar rubuta manhaja, waɗanda ba su san yaron ba, suka duba tamu da waccan, da yardar waccan ƙungiyar. Mun kuma zauna da yaron sau uku, sau ɗaya a gaban mahaifinsa.

Abu na farko da muka koya shi ne manhaja tana da fuska, tana da ciki. Fuskar ita ce abin da ake gani a waya, wato jerin sunaye da wuraren dannawa. Cikin kuwa rubutu ne, layi bayan layi na umarni, wanda masu sana'ar suke kira kod, kuma shi yake gaya wa waya abin da za ta yi. Bayan waɗannan biyu akwai dabarar kanta, wato tunanin a haɗa kuɗin wata da lodi da canji a wuri guda. Rikicinmu ya yi zafi ne saboda mun cuɗa ukun nan muna kiransu abu ɗaya, alhali kowane da hukuncinsa.

Mu fara da dabara. Dokar haƙƙin mallaka tana kare yadda mutum ya rubuta abu ne, ba ta kare tunanin da ke bayansa. Haka yake a yarjejeniyar TRIPS ta 1994, ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Nijeriya da Nijar duk suke ciki. Ita ce kuma ta ce a kare rubutun manhaja kamar yadda ake kare littafi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga bafatake. Wanda ya fara ɗauko albasar Galmi ya kai kudu bai isa ya hana na biyu bin sawunsa ba. Buhunan da ya loda dai nasa ne, wanda ya taɓa su ɓarawo ne, amma hanya ta kowa ce.

A duniyar kwamfuta ma haka aka yi ta yi. Teburin lissafi mai layuka da gidaje, irin wanda ma'ajinmu yake aiki da shi, ya fara fitowa ne a 1979 da sunan VisiCalc. A 1983 kamfanin Lotus ya fito da nasa, ya ƙwace kasuwa. A 1985 Microsoft ya fito da Excel, daga baya shi ma ya ƙwace ta daga hannun Lotus. Dabara ɗaya ce take ta sauya hannu, kowa ya zauna ya rubuta nasa. Saboda haka maganar cewa yaron ya saci dabararmu ba za ta tsaya a gaban alƙali ba. Kowace ƙungiyar fatake da ke kan iyakar nan tana karɓar kuɗin wata, tana rubuta lodi, tana fama da canji.

Sai fuska. A 1990 shi Lotus ɗin ya yi ƙarar wani kamfani mai suna Borland a Amurka, saboda ya kwaikwayi yadda aka jera umarnin da ake zaɓa a manhajar Lotus, domin waɗanda suka saba da ita kada su sha wahalar koyon sabuwa. A 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan jeri hanyar sarrafa na'ura ce, haƙƙin mallaka bai rufe shi ba. Da aka je Kotun Ƙoli a 1996 alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, hukuncin ya zauna yadda yake. Wannan hukuncin Amurka ne, ba ya ɗaure kotunanmu, amma ya nuna mana cewa kama da wane ba ta wane. Ganin fuska biyu sun yi kama bai isa hujja ba sai an buɗe ciki.

Inda doka take da haƙori shi ne a kan rubutun kansa. A 1982 wani kamfani mai suna Franklin ya fito da kwamfuta mai aiki kamar ta Apple, ta hanyar kwafe rubutun Apple kusan harafi da harafi. Da aka bincika sai ga sunan wani ma'aikacin Apple a cikin kayan Franklin, sun kwafe har da shi ba su lura ba. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa irin wannan rubutu yana da kariya. Shekara guda bayan haka wani kamfani, Phoenix, ya so yin abin da zai yi aiki kamar wani sashe na kwamfutar IBM, sai ya bi wata hanya. Ya sa mutane suka rubuta bayanin abin da sashen yake yi, sannan ya miƙa bayanin ga wanda bai taɓa ganin rubutun IBM ba, ya rubuta sabo daga farko. Phoenix ya yi ta sayar da nasa ga masu ƙera kwamfuta. Franklin da Phoenix wuri ɗaya suka nufa, amma ɗaya ya ɗauki kayan wani, ɗaya ya yi nasa.

To a tamu maganar, masu dubawa sun gaya mana cewa rubutun manhajar can da na tamu ɗaya ne a mafi yawan wurare. Ashe kenan an kwafa. Tambayar da ta rage ita ce rubutun wa aka kwafa, kuma amsarta ba ta yi mana daɗi ba.

A Nijeriya aka yi aikin, a nan aka biya kuɗin. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce haƙƙi yana farawa ne a hannun wanda ya rubuta, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Ta kuma ce miƙa haƙƙin ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Mu kuwa rasit kawai gare mu. Lauya ya ce abin da kuɗinmu ya saya mana shi ne izinin amfani da manhajar, domin irin wannan izini yana ƙulluwa ko da baki. Mallakar rubutun kuwa tana nan a hannun yaron, kuma yana iya sayar wa wani. Lauyanmu na ɓangaren Nijar shi ma shawararsa ba ta wuce a rubuta ba.

Mun san wasu za su ce wannan ba adalci ba ne, mutum ya biya kuɗi a ce kaya ba nasa ba. Mu ma haka muka ji da farko. Amma mu tuna da abin da muka sani. Wanda ya yi shatar tirela daga Dawanau zuwa Maraɗi ya biya kuɗi mai yawa, motar ta yi masa aiki, amma bai zama mai mota ba, kuma gobe direban zai ɗauki kayan wani. In kana son motar ta zama taka, cinikin dabam ne, kuɗin dabam ne, takardun ma dabam. Mu shata muka yi muna zaton saye ne. Da muka tambayi yaron ya ce shi a ransa bai taɓa sayar da rubutun ba, domin kuɗin da muka ba shi bai kai na saye ba. Da muka tambayi ma'aji ya ce shi a ransa an saya. Dukansu ba mu same su da ƙarya ba. Kowa ya tashi daga zaman da abin da ya fahimta, babu takardar da za ta raba.

Kada a ɗauka ƙananan mutane kawai wannan yake samu. A Afirka ta Kudu, a shekarar 2000, wani matashin ma'aikacin kamfanin waya na Vodacom mai suna Nkosana Makate ya kawo dabarar saƙon nan da wanda ba shi da kuɗi a waya yake turawa a ce a kira shi. Kamfanin ya fara aiki da ita a 2001. Makate ya ce wani babba a kamfanin ya yi masa alkawari da baki cewa za a ba shi kasonsa. Ya shigar da ƙara a 2008, sai a 2016 Kotun Tsarin Mulki ta ce alkawarin ya ɗaure kamfanin, a zauna a daidaita abin da za a ba shi. Aka yi masa tayin rand miliyan 47, ya ce albarka, aka sake komawa kotu. Abin lura, da alkawari ya ci shari'ar, ba da haƙƙin mallakar dabara ba. Da an rubuta alkawarin a takarda guda tun ranar farko, da ba a kwashe shekaru ana hawa da sauka a kotuna ba.

Masu dubawa sun gano wani abu kuma. Babban kaso na manhajar, yaron ma ba shi ya rubuta ba. Ya ɗauko sassa ne daga rubutun da masu shi suka saki a intanet kowa ya ɗauka kyauta. Wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take tafiya. Wayoyin Android da ke aljihun yawancinmu an gina su ne a kan Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991 ya sake shi ga jama'a. Sai dai kyautar tana da sharaɗi. Wani lasisin, irin wanda ake kira MIT, abin da yake nema shi ne a bar sunan mai shi da takardar izininsa a ciki. Wani kuwa, GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, ya ce in ka gyara ka raba wa mutane, dole ka ba su rubutun a buɗe da irin sharaɗin da ka same shi. Kamar rijiyar wakafi ce, kowa ya sha, ya shayar da dabbobinsa, amma babu mai kewaye ta da katanga ya sa kwaɗo. Manyan kamfanoni ma an kama su a nan. A watan Disamba na 2008 gidauniyar da ke kula da GPL ta yi ƙarar kamfanin Cisco a kan na'urorin Linksys, aka sasanta a 2009 bayan kamfanin ya yarda zai bi sharaɗin.

Yaronmu bai gaya mana ya yi aro ba, kuma a wurare biyu ya goge sunayen masu asalin rubutun. Wannan kuskure ne da ya wajaba ya gyara. Ya kuma nuna mana cewa ko da mun so sayen manhajar ɗungurungum, akwai sassan da ba shi da ikon sayar mana, domin ba nasa ba ne.

Yanzu mun zo inda yaron ya yi laifi na gaske. A cikin manhajar da ya sayar wa waccan ƙungiyar an samu ragowar bayananmu: sunayen wasu mambobi, lambobin wayarsu, da bashin kuɗin wata da ake bin wasu. Ya yi gwaji da su ne lokacin da yake aiki, bai share ba. Kamar yadda sunan ma'aikacin Apple ya tona Franklin, haka sunayenmu suka bi kaya suka tsallaka. Waɗannan bayanai ba nasa ba ne ta kowace fuska, amana ce ƙungiya ta ba shi. Kowa a nan ya san abin da zai iya faruwa in aka san wane yana loda kaya kaza a rana kaza ta hanya kaza, a wannan zamani da hanyoyinmu suke. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, Nijar ma tana da hukumar da ke wannan aiki. Yaron ya amsa laifinsa a gaban mahaifinsa. An share bayanan a gaban wakilanmu biyu, kuma shugabannin waccan ƙungiyar sun ba mu haɗin kai, Allah Ya saka musu da alheri. Waɗanda sunayensu suka fita, sakatare ya riga ya sanar da su ɗaya bayan ɗaya.

Tunda muna bincike, mun ga bai dace mu duba gidan wani mu bar namu ba. Kwamfutar ofishinmu, wadda ake buga takardun ƙungiya da ita, manhajojin da ke cikinta ba saye aka yi ba. An kai ta kasuwa ne aka loda mata na sata da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da yawanmu ma haka ne a shagunanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ne kuma muka ga abin da kwafe zanen atamfa ya jawo wa masaƙun Kaduna da Kano tare da sauran matsalolin da suka durƙusar da su, muka ga yadda masu kwafar faifai suka cinye guminsu 'yan fim ɗin Hausa. Ba za mu yi kuka da an kwafi tamu ba alhali muna zaune a kan ta wani. Mafita tana da sauƙi, ko mu sayi lasisi, ko mu koma irin su LibreOffice da masu su suka halatta kyauta, kuma suna yin lissafin da muke buƙata.

Mun tambayi malamai ma, domin wasu sun ce abin da ba a iya riƙewa a hannu ba ya zama dukiya. Suka tunatar da mu cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambarin kaya da haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta su ba. Suka ƙara da cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Neman a rubuta ba rashin yarda ba ne. Iyayenmu fatake sun yi ciniki da amana, amma fatoma yana tsaye a matsayin shaida, kuma kowa ya san abin da aka saya domin ga shi a ƙasa ana gani. Manhaja ba a ganin ta a ƙasa, takarda ce kaɗai za ta faɗi abin da aka saya.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a matsayinmu na masu ƙafa biyu, ɗaya nan ɗaya can. Haƙƙin mallakar rubutu yana tsallaka iyaka da kansa. Nijeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda ta ce ba sai an yi rajista ba, kuma kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar na ɗan ƙasa. Abin da aka rubuta a Katsina yana da kariya a Maraɗi. Suna da tambari kuwa ba haka suke ba, sai an yi musu rajista. A ɓangaren Nijar rajistar tana bi ta hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Togo. Nijeriya ba ta cikinta, nata ofishin rajistar yana Abuja. Duk mai buga tambarinsa a buhu ko kwali yana sayarwa a ɓangarorin biyu, ya sani rajista biyu ce a kansa. Ƙungiya ma haka, in muna son kare sunanmu da tambarinmu.

Ga masu cewa duk da haka a je kotu, muna roƙon su dubi shari'ar Oracle da Google. Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai harshen kwamfuta na Java, a 2010 a kan dala biliyan 7.4. A shekarar ya yi ƙarar Google saboda layuka kusan 11,500 da aka ɗauka aka sa a Android, ya nemi diyyar kusan dala biliyan 9. Aka yi ta kai da kawo har ranar 5 ga Afrilu, 2021, da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, alƙalai shida da biyu, cewa abin da Google ya ɗauka amfani ne da doka ta yarda da shi. Layukan ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na rubutun da ake magana a kai ba. Fiye da shekara goma kenan, ga masu kuɗin da ba su san ciwon kuɗin lauya ba, kuma mai takardun mallaka a hannu shi ya faɗi. Mu da ba mu da takarda, da kuɗin wata na mambobi za mu yi wannan tafiya?

Saboda haka ga shawarwarin kwamiti.

Na ɗaya, a janye maganar kotu, a kuma janye maganar dakatar da mahaifin yaron. Bai ci amanar kowa ba, kuma ya tsaya tare da mu har aka share bayanan.

Na biyu, yaron ya rubuto wa ƙungiya takardar ban haƙuri a kan bayanan mambobi, ya mayar da sunayen masu rubutun da ya goge, ya kuma kula da gyaran manhajarmu na shekara guda ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ya riga ya amince da wannan.

Na uku, a ƙulla sabuwar yarjejeniya a rubuce, da Hausa da Turanci da Faransanci, da shaidu daga ɓangarorin biyu. Ta faɗi cewa za a ba ƙungiya kwafin rubutun manhajar ta ajiye, muna da ikon ba wani ya gyara mana in shi ba ya nan, kuma bayanan mambobi na ƙungiya ne, ba sa fita ko don gwaji. Ta kuma ƙunshi jerin duk sassan da aka aro da lasisin kowane.

Na huɗu, kwamiti bai ga amfanin sayen rubutun gaba ɗaya don hana shi sayar wa wasu ba. Mu ba sana'ar sayar da manhaja muke yi ba. In ƙungiyoyi da yawa suna aiki da ita zai samu abin da zai riƙe shi a kan aikin, gyaran da ya yi musu mu ma mu amfana. Amma in taro ya fi son saye, a san cewa sabon ciniki ne da sabon kuɗi, kuma sassan aro ba sa ciki.

Na biyar, kafin taron shekara mai zuwa a tsarkake kwamfutar ofis daga manhajojin sata, a kuma fara neman rajistar sunan ƙungiya da tambarinta a Abuja da kuma ta OAPI.

Na shida ya shafi kowannenmu. Duk wanda zai sa a rubuta masa manhajar shago, ko a zana masa tambari, ko a buɗe masa shafin talla, ya tambaya tun kafin ya ba da kafin alƙalami: shata nake yi ko saye? Me aka aro a ciki? Wa zai riƙe makullin shiga? Sakatare zai ajiye samfurin takardar yarjejeniya a ofis, duk mai so ya zo ya karɓa.

Kalma ta ƙarshe ga matasanmu masu wannan sana'a, waɗanda muke ganin wasunsu a bayan rumfa. Muna buƙatar ku, domin lissafin da iyayenku suka riƙe a ka ya fi ƙarfin ka yanzu. Ku yi aro inda aka halatta aro, ku faɗi inda kuka aro, ku bar sunan mai abu a kan abinsa, kuma abin da aka ba ku amana ku mayar da shi yadda kuka karɓa. Mu kuma a namu ɓangaren za mu biya ku daidai da abin da muka nema, mu rubuta.

Shugaba, wannan shi ne rahotonmu, mun miƙa shi ga taro. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka kuskure a yafe mana. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a fataucinmu, Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.